Yadda Ake Tantance 'Yan Takarar Hukumar Makarantu a Amurka Kafin Ranar Zaɓe

Makarantun gwamnati a Amurka ba daga Washinton ake juya akalarsu ba. Ƙasar tana da gundumomin makarantu kusan 13,000, kuma yawancinsu na ƙarƙashin wata 'yar hukuma ce ta mutum biyar, bakwai ko tara, waɗanda mazauna wurin suka zaɓa. Su ke ɗaukar babban shugaban makarantun gunduma, kamar dai sakataren ilimi a can gida, su ke kuma sallamarsa. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, su shata wace unguwa ce 'ya'yanta za su je wace makaranta, su tsara ranakun hutu. Duk da haka ba kasafai jama'a ke fitowa wannan zaɓe ba, shi ya sa 'yan ƙuri'u kaɗan kan raba gardama. Iyayen da ke da yara a aji su suka fi kowa dalilin yin zaɓen da ido biyu.

Mataki na farko: ku tabbatar zaɓen naku ne

Wannan ba abin wasa ba ne. Ɗan ƙasa kaɗai ke da ƙuri'a a kusan ko'ina. Mai katin zama na dindindin da ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a bisa kuskure na iya jawo wa kansa kora daga ƙasar, ko ya ɓata neman zama ɗan ƙasa da yake yi. Akwai 'yan wurare da suka fita daban, irin San Faransisko, inda tun 2018 iyayen da ba 'yan ƙasa ba ke zaɓen hukumar makarantu, amma kada ku ɗauki na wani gari ku ɗora wa naku. Ku tambayi ofishin zaɓe na yankinku.

Kuma ba kowane gari ke zaɓen hukumar ba. A birnin Niyok makarantu na hannun magajin gari tun 2002, sai dai iyaye kan zaɓi majalisun ilimi na unguwanni, masu ƙaramin iko. A Hiyuston, jihar Teksas ta karɓe ragama a 2023 ta naɗa nata mutanen. Shikago kuwa sai a Nuwamban 2024 ta fara zaɓen wasu daga cikin mambobin hukumarta. Ranar ma ta bambanta: yawancin gundumomin jihar Niyok suna yi ran Talata ta uku a watan Mayu, Ohayo kuma a Nuwamban shekarun da lambarsu ba ta rabuwa biyu daidai.

Mataki na biyu: ku samo sunayen

Ofishin zaɓe na sa samfurin takardar ƙuri'a a intanet kafin ranar. Shafukan Vote411 da Ballotpedia kan kawo amsoshin 'yan takara, idan sun amsa. A yawancin jihohi ba a rubuta jam'iyya kusa da suna, don haka babu tutar da za ku bi.

Mataki na uku: ku san ciwon gundumarku kafin ku saurari mai magani

Nan mutane da yawa ke tsallakewa, alhali nan aikin yake. Dokar tarayya ta 2015 ta wajabta wa kowace jiha ta riƙa buga rahoton makarantunta. Ku buɗe na gundumarku ku duba abu huɗu: yara nawa ke karatu daidai da ajinsu, musamman a aji uku, yaya lissafi yake, nawa ke yawan fashin makaranta, nawa ke kammala sakandare. Sannan ku nemi layin yaran da ke koyon Ingilishi, domin a nan 'ya'yan sababbin zuwa suke, kuma sau da yawa jimillar gunduma na da kyau yayin da wannan layin ke kuka.

Sai kuɗi. Abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Sauran daga jiha ne da harajin gidaje da filaye na yankin, kuma mafi yawansa albashi ke cinyewa. Tallafin korona ya ƙare a 2024, ga shi gundumomi da dama yawan ɗalibansu na raguwa, kuɗin jiha kuwa kan ɗalibi yake bi. Ma'ana, hukumar da za ku zaɓa mai yiwuwa ita za ta yanke wace makaranta za a rufe, wane malami za a sallama. Ɗan takarar da bai taɓa wannan magana ba, ko bai sani ba ne ko yana ɓoyewa.

Mataki na huɗu: ku kalle su suna aiki

Doka ta sa zaman hukumar a buɗe yake ga kowa, kuma gundumomi da yawa na ajiye bidiyonsa a YouTube ko a shafinsu. Wanda ke kan kujera yana neman komawa, ba sai kun tambaye shi komai ba: ga yadda ya kaɗa ƙuri'a a rubuce, ga ranakun da bai zo ba. Ku kalli zaman da aka tattauna kasafi. Cikin rabin awa za ku gane wanda ya karanta takardun da wanda ya buɗe su a kan tebur. Sabon ɗan takara kuwa, ku bincika ko an taɓa ganin ƙeyarsa a zauren kafin ya tsaya.

Ku lura da yadda yake mu'amala da abokan zama. Mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya gare shi, shi kaɗai ba ya iya canza ko ƙararrawar tashi. A hukuma mai mutum bakwai, sai ya shawo kan uku kafin maganarsa ta zama doka. Mai kaifin baki da ya ɓata da kowa zai burge ku a taro, ya kuma gama wa'adinsa hannu rabbana.

Mataki na biyar: ku yi tambayar da ba a haddace amsarta ba

Kowa zai ce yara ne a gabansa. Ku bar wannan. Ku ce masa: idan kasafi ya gaza, me za ka fara yankewa, me kuma ba za ka taɓa ba? Da wane ma'auni za ka auna babban shugaban makarantu a ƙarshen shekara? Uwar da ba ta jin Ingilishi, wa zai yi mata tafinta ranar da za a zauna kan ɗanta mai buƙata ta musamman? Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 haƙƙi ne a taimaki yaron da bai iya Ingilishi ba, ba alfarma ba. Wanda ya ce bai sani ba amma ya san ofishin da ke da amsar, na fi yarda da shi a kan wanda ya yi alkawarin abin da ke hannun majalisar jiha, kamar manhajar da jiha ta ƙayyade ko jarabawarta.

Mataki na shida: ku bi sawun kuɗin kamfen

'Yan takara na miƙa rahoton waɗanda suka ba su gudummawa, kuma kowa na iya dubawa. Ƙungiyar malamai kan goyi bayan wasu, ƙungiyoyi irin Moms for Liberty, ta iyaye masu ra'ayin mazan jiya da aka kafa a Fulorida a 2021, su goyi bayan wasu. Goyon baya ba laifi ba ne, amma yana gaya muku wayar wa za a fara ɗagawa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan kwangilar gini ko na motocin ɗaukar ɗalibai da ke zuba kuɗi, ko ɗan takarar da rabin kuɗinsa daga wata jiha suka zo.

Mataki na bakwai: batun addini, a mazauninsa

Hutun Sallah, abincin halal a ɗakin cin abinci, wurin sallar Azahar, da sanar da iyaye kafin wasu darussa, duk tambayoyi ne na gaskiya. Birnin Niyok ya sa Sallah biyu cikin kalandarsa a 2015, wasu gundumomi suka bi. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta goyi bayan iyaye a gundumar Montgomery ta Merilan, Musulmi da Kirista, da suka nemi damar janye 'ya'yansu daga karatun wasu littattafai. To amma ɗan siyasa ya san wannan sarai. Zai zo masallaci ran Juma'a, ya cire takalmi, ya yi sallama da Larabci, ya yi alkawarin hutu. Ku karɓe shi da mutunci, sannan ku yi masa tambayar kasafi. Yaron da ya samu hutun Sallah amma ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, an cuce shi. Haka nan ɗan takara mai suna irin namu, shi ma sai ya bi ta wannan matata.

Ranar zaɓe, ku rubuta sunayen a takarda ku tafi da ita. Gurbin hukumar makarantu kan zo can ƙasa, wani lokaci a bayan takardar ƙuri'a, sai a juya. Idan an ce a zaɓi har mutum uku kuma biyu kawai kuka gamsu da su, ku tsaya a biyun, ƙuri'ar ba ta lalace ba. Wuce adadin ne ke sa a ƙi ƙirga wannan gurbi.