Garin da ake sha kafin shiga jim: yadda mai shekara 45 zuwa sama zai bi da shi

Mu da muke fita motsa jiki bayan sallar asuba a nan Agege yawancinmu mun haura 45, wasu likita ne ya koro su saboda suga ko teɓa, wasu kuma sun gaji da ciwon gwiwa ne kawai. To yanzu abin da nake gani shi ne samarin jim, wato gidan motsa jiki, suna kawo wa dattawa wannan garin na cikin roba mai launi, wanda suke ce wa firi-wokawut, wai a dama cokali ɗaya a sha jiki ya ɗau caji. Ni ma na sha, kuma ranar farko da na shanye cikakken cokali bayan na riga na sha Nescafe wajen mai shayi na ɗora goro a kai, wallahi zuciyata bugawa take kamar ana daka sakwara, hannu na rawa, dole na nemi benci na zauna. Shi ya sa nake son ɗan'uwa ya bi abin a hankali.

Kafin komai je ka a auna maka jini, ko a kemis ne. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ko kana shan maganin hawan jini, ko an taɓa ce maka zuciyarka na tsallen bugu ko ƙodarka na da matsala, to ajiye robar nan sai ka ga likita, kuma ka tafi masa da ita a hannu ya karanta da kansa. Hawan jini ba ya sallama fa, mutum na yawonsa garau yana ɗauke da shi.

Sai karatun bayan roba, nan ne aikin yake. Abin da ke sa ka ji ƙarfin nan galibi kafeyin ne, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goron da muke ci tun kaka da kakanni. Cokali ɗaya na irin wannan gari yakan ɗauki miligiram 150 zuwa 300, alhali hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ce lafiyayyen baligi kar ya wuce wajen 400 a yini gaba ɗaya, ta Turai kuma ta ce 200 a sha ɗaya. To Alhaji lissafa mana, shayin safe, Nescafe, goron da ke aljihu ana ɓallarsa tun daga Mile 12 har gida, ga lemon ƙarin kuzari in gosulo ya riƙe ka, duk asusu ɗaya suke shiga. Ranar da za ka sha garin ka haƙura da sauran. In robar ba ta rubuta adadin kafeyin ƙarara ba, sai dai ta ce haɗin sirri ne na kamfani, bar musu kayansu. Haka in ka ga an rubuta DMAA a jikin robar, wannan sinadari Amurka ta hana sa shi a kayan ƙarin abinci tuntuni saboda illarsa ga zuciya. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kar ka sayi wanda aka ɗure a leda babu suna.

In komai ya yi daidai fara da rabin cokali ko ma kwata, a dama da ruwa sosai, minti 30 zuwa 45 kafin ka fara. Kar ka kuskura ka afa garin a baki busasshe yadda yara ke yi a TikTok. Za ka iya jin fuska da hannu na tsikari kamar tururuwa na bi, wannan aikin wani sinadari ne da ke cikin garin, beta-alanin, kuma yana wucewa da kansa. Wanda ke shan maganin ƙarfin maza ko maganin ciwon ƙirji ya kula da garin da ke da sinadarin sitrulin a ciki, duk suna buɗe jijiya ne, jini na iya faɗuwa mutum ya ga jiri.

Lokaci ma abin dubawa ne, kafeyin sai ya yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jiki, wato in ka sha 200 da ƙarfe 6 na yamma bayan an rufe shago, ƙarfe 11 na dare akwai kusan 100 a jininka, barci ya gudu, kuma a shekarunmu barcin nan shi ke gyara tsoka. Masu jim ɗin yamma gara su ci ayaba ko dabino 3 su sha ruwa kawai. Ruwa kuwa a zafin Legas da wannan gumin nasa mai danƙo, ledar fiya wata rabin lita ce, sha ɗaya tun kafin ka fito ka riƙe wata a hannu.

Ni a ganina in dai kuɗin abu ɗaya gare ka to kiriyatin, wani garin ƙarin abinci na daban, ya fi cancanta, wanda aka rubuta creatine monohydrate zalla. Ba ya sa zuciya gudu, ana shan giram 3 zuwa 5 kullum a kowane lokaci, kuma bincike da yawa ya nuna yana taimaka wa manya, maza da mata, su ƙara tsoka da ƙarfi in suna ɗaga nauyi. Sharaɗin kenan fa, sai da ɗaga nauyin, ko sau 2 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, tare da minti 150 a mako na tafiya da sauri ko makamancinta. In za a yi maka gwajin ƙoda ka faɗa wa likita kana sha, don yakan ɗan ɗaga lambar kiriyatinin a sakamako.

Kuma duk ranar da kana tsaka da motsa jiki ka ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya sarƙe fiye da yadda ka saba, ko ciwo na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, tsaya nan take, kar ka tuƙa kanka, a sa ka a mota zuwa asibiti mafi kusa kuma a tafi da robar.