Kafin ka fara ƙirga shekarun jinsiyya a Saudiyya

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune wajen mai tsire a Shari'a Mansur, tsiren nan namu da mutanen Makka ke kira siriyya, sai wani yaro ɗan Katsina da aka ɗauko aikin jinya ya matso kusa da ni. Watansa huɗu da zuwa. Ya ce, "Kawu, an ce in mutum ya cika shekara goma sai a ba shi jinsiyya, haka ne?" Jinsiyya, wato zama ɗan ƙasa, har ya riga ya lissafa shekarar da zai karɓa. Na dube shi na ga kaina a 2002, da sabuwar jaka da takardun makaranta a cikin leda, ina jin ƙasar nan ni take jira. Shi ne na biyar da ya yi mini irin wannan tambaya a bana, shi ya sa na ga gara in rubuta in huta da maimaitawa.

Sauran abubuwan da ku sababbin zuwa kuke damun mu da tambayarsu ba su da wuya. Layin waya, asusun banki, shiga Absher, manhajar hidimomin gwamnati, duk da zarar igama, wato takardar izinin zama, ta fito a mako guda za ka gama. Ɗaki 'yan'uwa za su nema maka, tuwo da miyar kuka kuwa ba ka rasa su a Makka ko Jidda. Larabcin kasuwa zai shige ka ko kana so ko ba ka so. Wannan duk ba abin tsayawa ba ne.

Abin da ke ruɗar sabon zuwa shi ne ganin Hausawan da suke 'yan ƙasa. Ka shiga ofis ka ga baƙin mutum da sunan Hausawi ko Barnawi ko Fallata a ƙirji, ka kunna talabijin ka tuna Usama Hausawi ne ya ja ragamar 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, sai ka ce ai ƙasar nan tamu ce. Abin alfahari ne kam, ni ma surukaina daga cikinsu suke. Amma kakanninsu da ƙafa suka zo, ta Barno da Cadi da Sudan, suka tsallaka teku daga Sawakin, wasunsu tun guguwar hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903. Suna nan aka kafa masarautar a 1932. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1954 da ake aiki da ita har yau ta koma ne ga waɗanda ke zaune a ƙasar a shekara ta 1332 bayan Hijira, wato 1914. Kuma ko a cikin tsofaffin zuwa, akwai gidajen da kakansu bai karɓi takardar tabi'iyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ba lokacin da samunta ke da sauƙi, yana cewa shi baƙon Allah ne, gida zai koma. Jikokinsu ga su nan, an haife su a Makka, an haifi iyayensu a Makka, ba su taɓa ganin Kano ba, amma da igama suke yawo. Haihuwa a ƙasar nan ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa idan ubansa baƙo ne. Mai tunanin kawo matarsa ta haihu a nan don yaro ya samu fasfo, ya ajiye kuɗin jirginsa.

Shekara goman da kuke ji gaskiya ce. A da biyar ce, aka mayar da ita goma a gyaran dokar da aka yi a 2004. Sai dai shekara goman ba ita ce jinsiyya ba, damar miƙa takarda ce kawai, kuma sai an yi su a jere da igama mai rai. Wanda ya zo Umara ya maƙale, ko shekara talatin ya yi, a wajen hukuma ko kwana ɗaya bai fara ba. Bayan haka ana son Larabcinka ya nuna a baki da rubutu, sana'arka ta zama wadda ƙasar ke buƙata, ba ka da tabon laifi. Sannan a zo kan maki, wanda shi ne ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. Maki 33 ne gaba ɗaya, kuma sai ka samu 23 kafin a ci gaba da duba takardarka. Zaman shekara goma maki 10. Karatu: digirin digirgir a likitanci ko injiniyanci 13, digirin digirgir a sauran fannonin kimiyya 10, digiri na biyu 8, digirin farko 5. Ragowar goman na dangi ne 'yan ƙasa: uba 3, uwa da mahaifinta 3, uwa ita kaɗai 2, mata da mahaifinta 2, mata ita kaɗai 1, 'ya'ya da 'yan'uwan ciki ɗaya bai wuce 2 ba. Ka ɗauki biro ka lissafa naka yanzu, minti biyu ya isa. Ni wannan minti biyun ne ban yi ba, ya ci mini shekara huɗu.

Injiniya ne ni, da digiri na biyu daga Zariya. Na auri 'yar Makka, Bahausa, ita da mahaifinta duk 'yan ƙasa, bayan wahalar neman izinin auren da ita ma labari ce mai zaman kanta. Da na cika shekara goma a 2012 sai na ɗauka an gama. Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani mu'aƙƙib, irin masu bin takardu a ofisoshi, kuma Bahaushe ne ɗan'uwanmu, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Mutum ne mai fara'a, kullum cikin farar jallabiya da aka goge, da carbi a hannu da ƙaramar jaka ƙarƙashin hammata. Ya ce mini, "Injiniya, kai ai naka mai sauƙi ne, ka auri 'yar gida. Ina da mutum a ciki." Na ba shi kuɗi kashi na farko. Ya sa na aika gida aka yi wa takardun makarantata tasdiƙi, wato tantancewa, aka fassara su, aka buga hatimai har takarda ta yi nauyi. Aka shigar, aka ba ni lambar mu'amala, wato lambar fayil. Na zo gida na yanka rago.

Daga nan sai jira. Duk wata biyu ko uku in kira shi, ya ce tana ƙaidad dirasa, ana nazari. Wani lokaci ya ce an canza mudir, shugaban ofis, sai an ɗan ga sabon, in ƙara masa wani abu. Bayan shekara ɗaya da rabi ya zo mini da labarin cewa an yi wa takardata hifzi. Ni da Larabcin allo, na san hifzi kiyayewa ne, kamar haddar Alƙur'ani. Na tambaye shi, ya ce, "Ai alheri ne, an adana ta a wuri na musamman, sa hannu kawai ake jira." Na yi hamdala. Na ƙara shekara biyu da rabi a kan wannan kalma. A cikinsu na ƙi karɓar aiki mai kyau da aka yi mini tayi a Abuja, na bar filina na Kano ba gini, ƙanwata ta yi aure ban je ba don kada a neme ni ba na nan.

Ƙanin matata ne ya gaji da ganina haka, ya ce, "Yaya, zuwa da kai ya fi aike, tashi mu je." Muka je da lambar. Ma'aikacin ya duba, ya yi mini bayani cikin mutunci: a harshen ofis, hifzi na nufin an rufe fayil an ajiye, ba abin da za a ƙara yi a kansa. Ya lissafa mini a gabana. Goma na zama, takwas na karatu, biyu na mata da mahaifinta. Ashirin. Tun ranar farko ban kai ba, kuma mai jallabiyar nan ya sani. A mota na sake lissafi, na ga ko da na koma na yi digirin digirgir a wani fannin kimiyya da ba injiniyanci ba, 22 zan samu, saura ɗaya. Ban yi magana ba har muka iso gida. Kuɗin da na ba mutumin ba zan faɗi yawansu ba don matata na iya karanta wannan.

To ko wanda ya kai 23 ɗin, kada ya ɗauka an sa masa rana. Kwamiti zai duba, a yi bincike, takarda ta bi hawa-hawa har sama, kuma dokar da kanta ta ba Ministan Harkokin Cikin Gida ikon ƙin amincewa ba tare da faɗin dalili ba. Jinsiyya a nan kyauta ce daga hukuma, ba bashi ba ce da za ka je ka buga tebur a biya ka. Saboda haka duk wanda ya ce maka "wata shida za ta fito" ko "ina da wasɗa", wato hanya, kuɗinka yake so. A lokacin jiran kuma akwai tarkon tafiya. Idan ka miƙa takarda sannan ka fita ka wuce shekara guda a waje, shekarun da ka tara sun zube, kamar ba ka taɓa zama ba. Idan ka cika shekarun ba ka miƙa ba ka fita, wata shida ne iyakarka. Kuma ka tuna ƙasar ba ta yarda da riƙe fasfo biyu ba sai da izininta, don haka ranar da aka ba ka, koren fasfon nan da kake rainawa za ka rabu da shi, ka koma neman biza don zuwa gaida mahaifiyarka.

Da na haƙura da nawa sai na mayar da hankali kan na ɗana, nan ma saura ƙiris in sake yin ɓarna. Ɗan da uwarsa 'yar ƙasa ce, ubansa baƙo, aka kuma haife shi a nan, yana da ƙofarsa daban, amma dole ya nema a cikin shekara guda bayan ya cika 18. Ni ina ƙirga masa da kalandar bature. Dokar kuwa da shekarar Hijira take aiki, wadda ta gaza ta bature da kamar kwana 11. Ka ninka sau 18, ka ga sama da wata shida. Yaro ya cika shekarunsa a wajen hukuma ina zaune ina jiran ranar haihuwarsa ta fasfo. Da muka farga, rabin lokacin ya tafi. Muka ɗebo takardu, sai ga wata matsalar: a takardar haihuwarsa an rubuta sunana da harafin sa mai ɗigo uku, a igamata da sinun, a fasfona kuma sunan garinmu ne a matsayin sunan kaka, kamar yadda muka saba a gida. Su nan suna huɗu suke so a jere, kai, uba, kaka, dangi, kuma harafi ɗaya ya bambanta to mutum biyu ne. Wata huɗu muka yi muna zirga-zirga tsakanin mai fassara da ofishin jakadancinmu na Jidda da wurin gyaran takardar haihuwa. Muka shigar saura makonni kaɗan ƙofar ta rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kai da ka zo jiya, fito da fasfonka da igamarka da takardar aurenka yau, ka ba wanda ya iya Larabci sosai ya duba maka harafi-harafi. Tun daga farkon 2023 amincewa da irin takardar ɗana ta koma hannun Firaminista, bisa shawarar Ministan Cikin Gida. Tasa tana can, mu kuma muna nan. Sauƙin da ya samu shi ne yana ƙarƙashin kafalar mahaifiyarsa, makaranta da asibiti ana yi masa kamar ɗan ƙasa.

Abin da nake so ku kula da shi a maimakon mafarkin jinsiyya shi ne igamar da ke aljihunku. Kada ka bari ta mutu ko da kwana ɗaya, kada ka yi rigimar da za ta sa kafili, wanda igamarka ke ƙarƙashinsa, ya rubuta maka hurub, wato ka gudu daga aiki, ka sabunta fasfo tun da sauran watanni. Mai kawo iyali ya lissafa riyal 400 a wata kan kowane mutum ɗaya kafin ya aika musu biza. Mai kuɗi sosai akwai igama ta musamman da aka fito da ita a 2019, ta dindindin riyal 800,000, ba kafili, amma ita ma ba jinsiyya ba ce. Ka riƙa aikawa gida ana ɗora maka bulo ko da layi ɗaya ne a shekara. Ni sai 2017 na sa harsashi a filin da na saya tun ina saurayi.

Ɗan Katsinan nan dai na karɓi takardar da aka naɗo mana tsire, na ba shi biro na ce ya rubuta. Ya rubuta 10, ya rubuta 5, ya tsaya yana kallona. Na ce akwai uba ko uwa 'yan ƙasa? Ya ce babu. Mata fa? Ya ce tana Funtuwa, watan jiya ta haihu. Ya ja layi a ƙasa ya rubuta 15, ya daɗe yana kallon takardar mai maiƙo, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da fili yanzu a bayan Funtuwa.