Yadda ake ɗaukar hoton yankunan maganaɗisu da hasken terahaz

Siririn fallen ƙarfe mai maganaɗisu a rarrabe yake yanki-yanki, kowane yanki da inda ya fuskanta, kamar gonakin bayan garin Marwa da kowa ya ja kunyarsa ta inda ya ga dama. Pierre Weiss na Faransa ne ya kawo wannan bayani a 1907. Ɗalibin fiziks na Marwa ko Ngaundere da ke shirin shiga ɗakin gwaji ya kamata ya san hanyar ganin yankunan da terahaz, wato hasken da ido ba ya gani wanda ke tsakanin maikrowef da infrared.

Akwai cikas tun farko. A terahaz 1, tsawon zangon hasken maikromita 300 ne, yankunan kuwa sau da yawa ba su kai haka ba, kuma haske ba ya nuna abin da ya gaza zangonsa girma sarai. Don haka ba haska su ake yi da terahaz ba, fallen ake sa wa ya fitar da shi da kansa.

A fara da fallen. A shimfiɗa tangistin a kan gilashi, sai gamin kobal da baƙin ƙarfe da boron, sai filatinam, kauri duka kusan nanomita 6. Seifert da Kampfrath da abokan aikinsu ne suka fito da wannan tsari a Jamus a 2016.

Sai a tattara hasken leza mai zangon nanomita 800 a ɗigo guda, yana zuwa a walƙiyoyin da ba su wuce femtosakan 100 ba (femtosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan sau miliyan na sakan). Zafin yakan kori ilektiron masu juyi (spin, wato ɗan maganaɗisun da ke jikin kowane ilektiron) iri ɗaya daga gamin kobal ɗin zuwa cikin filatinam da tangistin, su kuma su karkatar da su gefe. Wannan gajeren lantarkin ne ke haifar da terahaz, kuma filin lantarkin terahaz ɗin a gicciye yake da alƙiblar maganaɗisun. Idan yanki ya juya baya, siginar ma sai ta kife. Girman ɗigon leza shi ke yanke kaifin hoto, kuma nan ne dabarar ta fi burge ni.

Kafin awo, a sa maganaɗisu mai ƙarfi ya daidaita fallen gaba ɗaya, a rubuta siginar, a juya shi a sake. Da waɗannan biyun za a gwada sauran. Sannan a rage filin maganaɗisun a hankali ana juya shi har yankuna su bayyana.

Kiristal na ZnTe, wato haɗin zinc da tellurium, ke karanta siginar, da taimakon wani reshe na lezar. A rufe hanyar hasken a cika ta da busasshen naitirojin, domin tururin ruwa na shanye terahaz. Ko da hunturu kada a dogara da bushewar iska, ga kuma ƙura.

A riƙa matsar da fallen ɗigo bayan ɗigo, kwamfuta na ba kowane wuri launi gwargwadon siginarsa. A kula da ƙarfin leza sosai: in ya yi yawa, zai goge yankunan da ake nema. Maganaɗisun da ke kwance cikin fallen kaɗai wannan hanya ke nunawa. Wanda ya miƙe tsaye sai a nemi madubin Kerr, wato maikroskof da ke gane maganaɗisu ta yadda yake sauya hasken da ya dawo daga fallen.