Darasi na Bakwai: Abin da Ke Hana Saniya Neman Sa Bayan Haihuwa

Cikin saniya yana kai kwana 283 ko kusa da haka, shekara kuma kwana 365 ce. Duk mai son saniyarsa ta riƙa ba shi maraƙi kowace shekara, kwana 80 da 'yan kai ne kawai suka rage masa ta sake ɗaukar ciki. Amma sai ka ga wata shida, wata takwas, ba ta nemi sa ba, wato bijimi, har mai ita ya fara kiranta juya. Galibi yunwa ce ta riƙe ta.

A jinin dabba akwai wasu sinadarai da masana ke kira homon. Aikinsu kai saƙo. Saƙon haihuwa daga ƙwaƙwalwa yake tashi, ya bi jini ya isa ma'ajiyar ƙwai, ya sa ƙwai ya nuna ya fito. A lokacin ne saniya ke neman barbara: ta yi ta kuka, ta ƙi natsuwa, ta riƙa hawan 'yan'uwanta, in an hau ta kuma ta tsaya cak, wani ruwa mai yauƙi yana zuba daga bayanta. In ba ta ɗauka ba, bayan kamar kwana 21 abin zai dawo.

To, jiki ba ya raba abinci daidai. Ran saniyar ne farko, sai nonon maraƙi, sabon ciki shi ne ƙarshen layi. A makonnin farko nono yana ƙaruwa da sauri, cin abincinta kuwa bai kamo shi ba, sai ta koma cin kitsen jikinta. Da ƙwaƙwalwa ta ji jiki yana zubewa, sai ta rage aika saƙon nan. Ƙwai ya ƙi nuna. Karsana mai haihuwar fari ta fi shan wuya, domin ita kanta ba ta gama girma ba. A ware ta a ba ta nata, kada manya su ture ta daga kwamin abinci.

Kada ka tsaya kallo daga nesa. Shafa haƙarƙarinta da tafin hannu, ka taɓa gindin wutsiya. In kana iya ƙirga ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, gindin wutsiya kuma ya rafta, ta rame. Gyaran ya fi sauƙi tun a wata biyun ƙarshe na ciki, amma banda ƙiba fiye da kima, ita ma tana kawo wahalar haihuwa. Bayan ta haihu, ciyawa busasshiya kaɗai ba za ta riƙe ta ba. A haɗa mata da harawa da dusa, a ƙara kaɗan-kaɗan don kada cikinta ya ɓaci. A ajiye gishirin lasa. Saniyar da ke taunar ƙashi ko lasar ƙasa, jikinta ne ke neman ma'adinai. Ruwa kuwa kada ya yanke, domin kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne.

Yawan tsotso ma yana danne saƙon haihuwa. Dakashi haƙƙin maraƙi ne, ya sha tun sa'o'in farko. In ya yi ƙwari ya fara cin ciyawa, sai a rage masa tsotso zuwa safe da yamma.

Ita ma mahaifa tana buƙatar kamar kwana 40 ta koma yadda take. In mabiyiya ta wuce sa'a 12 ba ta faɗo ba, kada a ja ta da hannu. A kira likitan dabbobi, haka ma in ana jin wari daga bayanta.

Akuya da tunkiya cikinsu wata biyar ne, amma dokar ɗaya ce, musamman mai shayar da tagwaye.

Aikin gida: samu littafi, rubuta sunan saniyarka da ranar da ta haihu, ka ƙirga kwana 60 ka sa alama. Riƙa duba ta da asuba da yamma, domin neman sa ba ya cika wuce yini guda. In ranar ta zo ba ka ga komai ba, nemi likita. Allurar homon tana da amfani, amma ba ta cika aiki a jikin ramammiyar saniya ba, sai an fara ƙosar da ita da abinci.