Sabunta manhaja guda ɗaya a sabobin da ke ƙarƙashin Satellite

Salamu alaikum 'yan uwa masu kula da sabobi a Riyad da Jidda. Idan sanarwar tsaro ta fito kan manhaja ɗaya, misali openssl mai ɓoye bayanan sadarwa, kada a buga dnf update (umarnin sabunta manhajoji) tsurarsa, don komai zai ɗaga har da kernel, wato zuciyar tsarin Linux. A rubuta dnf update openssl, a tsaya a karanta abin da zai jawo tare da ita kafin a amince.

In dnf ya ce babu sabo, ba lalacewa ya yi ba. Sabar ba ta ganin komai sai abin da aka wallafa mata a Satellite, tsarin kamfanin Red Hat da ke raba wa sabobi manhajoji; a nan za a tura gyaran, sabobin gwaji tukuna. Masu sauko da rpm, wato fayil ɗin manhajar, daga intanet su ɗora da hannu, don Allah ku bari, mai zuwa bayanku kuke bar wa wahala.

Bayan an gama a buga dnf needs-restarting -s, domin nginx (manhajar sabar yanar gizo) da ire-irensa suna nan riƙe da tsohon laburaren openssl sai an sake kunna su. Akwai dnf history undo in abu ya kwaɓe, amma Red Hat ba ta goyon bayan amfani da shi kan glibc (babban laburaren tsarin) ko kernel.

Yin aikin ranar Alhamis da dare ya fi, tunda sai Lahadi ake komawa ofis.