Darasi na Tara: Zafin Bazara da Sanarwar da ke Riga Shi Isowa

Kowa a ajin nan ya san bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, gari yakan ɗau zafi har mutum ya rasa inda zai sa kansa. A Sakkwato da Maiduguri da Yola da Yamai, ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 da rana. Ɗaki mai rufin kwano yakan riƙe zafin yini, da dare sai ka ga gida duka an baje tabarmi a tsakar gida.

Saboda mun saba, mukan ce ai zafi ba baƙonmu ba ne. Haka ne. Sai dai akwai zafin da yake wuce kima, ya yi kwana uku, ko huɗu, ko mako cur a jere, rana babu sauƙi, dare babu sauƙi. Irin wannan yana kisa, kuma a ɓoye yake yi. Tsoho ya kwanta da rana bai tashi ba, a ce zazzaɓi ne. Jariri ya galabaita, a ce haƙori ne. Ba kasafai ake kama sunan zafi ba.

Abin da ya faru a Mali

A ranar 3 ga Afrilu, 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Lokacin azumi ne, ga kuma yawan ɗauke wutar lantarki. A Bamako, asibitin Gabriel Touré ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan. A shekarar da ta gabace ta, mutum 130 ne suka rasu a asibitin cikin watan Afrilu gaba ɗayansa. Da yawa daga cikin mamatan sun haura shekara 60. Wata biyu bayan haka, a aikin Hajjin shekarar 2024, fiye da mutum 1,300 suka rasu a Saudiyya, inda zafi ya wuce digiri 51 a Makka.

Mali maƙwabciyar Nijar ce. Ranarsu irin tamu ce, gidajensu irin namu ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda zafi yake cin jiki

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, ko kusa da haka. Jiki yana sanyaya kansa da gumi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Ku lura da randa: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi, ruwan ciki yana yin sanyi. Haka fatarmu take. Amma duk gumin da ya fita, ruwa ne da gishiri suka bar jiki. In ba a mayar ba, jini yakan ragu, zuciya ta shiga wahala, ƙoda ta shiga wahala.

Wahalar hawa biyu ce. A hawa na farko mutum yana gumi sosai, kansa yana ciwo, yana jin jiri da kasala da tashin zuciya, tsoka tana ɗaurewa. Fitsarinsa kaɗan ne, kuma ya yi ja. Wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan gishiri da sukari ya fi: litar ruwa mai tsabta 1, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Hawa na biyu shi ne abin tsoro. Zafin jiki ya wuce digiri 40. Mutum ya rikice, yana sambatu, bai san inda yake ba, ko ya faɗi, ko ya suma, ko ya yi ta fizge-fizge. Jikinsa rau kamar garwashi. A nan ne mutane suke kuskure, su ce iska ce ta taɓa shi, su tsaya neman hayaƙi. Kowane minti yana da tsada. A kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta yi masa fifita, a sa tsumma mai sanyi a wuya da hammata da matsematsi, a nemi abin hawa zuwa asibiti, ana tafiya ana jiƙa shi. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, domin ba zazzaɓin cuta ba ne.

Wani abu kuma: bazara ita ce lokacin sanƙarau a ƙasarmu. In aka ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, asibiti za a nufa, kada a tsaya gardamar ko rana ce ko sanƙarau ne.

Su wa zafi ya fi kamawa? Tsofaffi, domin ba sa jin ƙishirwa da wuri. Jarirai, masu juna biyu, masu hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda, da masu sikila, waɗanda ƙarancin ruwa yake tayar musu da ciwo. Sai masu nema a rana: leburori, birkiloli, 'yan garuwa, 'yan acaɓa, masu tallan kan titi. Kada a manta da matar da take gaban murhu a madafi mai rufin kwano tun hantsi. Ita ba ta fita rana ba, amma wuta biyu take sha.

Mene ne amfanin sanarwa?

Masu nazarin yanayi suna iya hango tsananin zafi kwanaki kafin ya iso. A Najeriya, hukumar NiMet ce take wannan aiki. Takan fitar da hasashen shekara tun kafin damina, takan kuma fitar da gargaɗi in zafi zai tsananta, ta ambaci jihohin da abin zai shafa. A Nijar akwai hukumar yanayi ta ƙasa, kuma a Yamai ne cibiyar AGRHYMET take, wadda take lura da yanayin ƙasashen Sahel. Gidajen rediyo sukan karanta irin wannan sanarwa.

Wani a aji zai ce, "Malam, to in sun faɗa, za su rage ranar ne?" Tambaya ce mai kyau. Ba za su rage ta ba. Abin da sanarwa take ba ka shi ne kwana biyu ko uku na shiri. Wanda ya ji hadari ya haɗo yakan kwashe shanya. Shi zafi ba shi da hadari, ba shi da tsawa, sanarwar ce hadarinsa.

Ga abin da wani gari ya yi da ita. A watan Mayu na 2010, zafi ya kai kusan digiri 47 a birnin Ahmadabad na Indiya, fiye da mutum 1,300 suka rasu a kan yadda aka saba. A 2013 hukumar birnin ta kafa tsari. Aka raba gargaɗi launi uku: ɗorawa, ruwan lemo, da ja. Da zarar an ɗaga launi, sai saƙo ya bazu ta rediyo da wayar hannu, a ajiye ruwan sha a bakin hanya, asibitoci su tanadi ƙanƙara da gadaje, a bar wuraren inuwa a buɗe. Daga baya aka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsarin yana ceton fiye da rai 1,000 a shekara. Faransa ma sai da ta rasa kusan mutum 15,000 a zafin 2003, akasarinsu tsofaffi, kafin ta yi nata tsarin a shekarar da ta biyo.

A ganina, inda muke da rauni shi ne tsakanin rediyo da ƙofar ɗaki. Sanarwa takan tsaya a kunnen mai waya da mai rediyo, alhali wanda zafin zai kayar yana can ƙuryar gida bai ji ba. Tsohuwa ba ta da waya. Jariri ba ya jin labarai. Sai wani ya ɗauki maganar da ƙafarsa ya kai.

A karanta wannan hira, mutum biyu-biyu

Ɗa: Inna, barka da hantsi. Rediyo ta ce daga gobe zuwa Alhamis zafi zai tsananta.

Inna: Yo ɗan nan, yau aka fara rana? Tun ba a haifi ubanka ba nake shan ta.

Ɗa: Haka ne, Inna. Amma ki yi haƙuri, zan mayar miki da shimfiɗa ƙarƙashin darbejiya. Ɗakin nan naki ya cika zafi.

Inna: To, ba na jin ƙishi dai.

Ɗa: Ko ba kya ji, ki daure ki riƙa kurɓa. Ga moɗa nan kusa da ke. Zan leƙo bayan azahar.

Inna: Allah ya yi maka albarka. Ka biya ta gidan Malam na bayanmu, shi kaɗai yake yini.

In an ji sanarwa

A cika randuna tun daren. A sa aiki mai nauyi daga asuba zuwa hantsi, a huta in rana ta take, a koma bayan la'asar. Mai gini da mai gona su yi magana da ma'aikatansu a kan haka tun kafin ranar. Na san mai nema na yau da gobe zai ce in bai fita ba, ba a ɗora tukunya. Ya fita, amma da malafa, da gorar ruwa, da hutu a inuwa kowace awa. Zafin nema ba ya kawo samu, kuma kwana uku a gadon asibiti sun fi asarar yini guda ciwo.

Babba ya sha ruwa lita 2 zuwa 3 a yini, mai aikin ƙarfi fiye da haka. Fitsari shi ne ma'auninka: in ya yi fari-fari, ruwa ya isa, in ya yi ja, ƙara. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ƙoda ko zuciya ya bi maganar likitansa. Kankana, gurji, kunun zaƙi da fura mai ruwa-ruwa duk suna taimakawa. Tufafi su zama na auduga, masu faɗi, masu haske.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi, a ƙara yawan ba shi, uwar kuma ta sha ruwa sosai. A daina lulluɓe goyo da tawul mai kauri. Kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko da na shiga shago a fito ne.

Fanka tana da iyaka. In zafin ɗaki ya wuce digiri 40, iskar da take hurowa ƙara ɗumama jiki take yi, sai in an jiƙa jiki ko an yafa jiƙaƙƙen zane. Dabbobi ma a kai su inuwa, a ƙara musu ruwa. Kaji sukan riga kowa faɗuwa.

Game da ibada, addini bai matsa ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a jinkirta sallar azahar in zafi ya tsananta, har gari ya ɗan huce. Alƙur'ani kuma ya yi wa mara lafiya rangwamen azumi. In azumi ya haɗu da irin waɗannan kwanaki, a yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, masu ciwo su tambayi likita da malami tun kafin wata ya kama.

Aikin aji

A rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: gargaɗi, ma'auni, digiri, ƙishirwa, inuwa.

Lissafi: ledar fiya wata 2 ita ce lita 1. Leda nawa mutum zai sha ya cika lita 3? In gida yana da manya 4, leda nawa ke nan a yini?

Tattaunawa: a unguwarku, wa mutane suka fi jin maganarsa, liman, mai unguwa, ungozoma, ko shugaban 'yan kasuwa? Ta yaya sanarwar rediyo za ta isa gare shi, daga shi kuma ta shiga gidaje?

Aikin gida: kowa ya rubuta sunayen mutum 3 da zai leƙa in an yi sanarwar zafi. A gaban kowane suna, a rubuta inda mutumin yake yini da lokacin da za a je duba shi. A zo da takardar ranar darasi na gaba.