Babi na Shida: Sauya Sana'a Bayan Yara Sun Zo

Wannan babi na waɗanda suka gaji da sana'ar da suke yi ne, suna son koyon wata, alhali ga goyo a baya ga wani na rarrafe. A ajinmu na Aboabo, a nan Kumasi, na ga mai koko da ke son ɗinki, na ga mai tallan ruwa a kasuwar Kejetia da ke son gyaran gashi, na ga magidanci mai dako da ke son shiga Suame Magazine, unguwar makanikai, ya koyi walda. Duk abu ne mai yiwuwa. Amma kafin a je wurin madam ko masta, wato mai koyar da sana'ar, sai an zauna da littafi tukuna.

Ku kawo littafin rubutu sabo mai layi, wanda yara ba su taɓa ba, da fensir mai magogi. Ban ce biro ba. Za ku yi kuskure, kuma kuskure ba abin kunya ba ne, sai a goge.

Darasi na ɗaya: abin da ke shiga da abin da ke fita

Buɗe littafin yadda bangon zai kwanta a hannun hagu. Hagu shi ne hannun da ba a cin tuwo da shi. Mu da muka yi makarantar allo mun saba farawa daga dama, to a boko daga hagu ake farawa. Kada ki ji komai idan hannunki ya ruga dama da kansa, ki dawo da shi kawai.

Ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. A kan gidan farko rubuta RANA. A kan na biyu rubuta SHIGA, wato kuɗin da ya zo hannunki. A kan na uku rubuta FITA, wato kuɗin da ya bar hannunki. Gero fita ne. Gawayi, sukari, leda, kuɗin trotro (motar haya), kuɗin da kika ba yaro zai tafi makaranta, duk fita ne. Kullum bayan sallar isha'i ki cika layi ɗaya. Za ki yi haka kwana 30 ba tare da kin bar tsohuwar sana'arki ba, don sai a ƙarshen watan za ki san ainihin abin da gidanki zai rasa ranar da kika kashe wutar koko.

Darasi na biyu: ɗigo

Nan ne kowa ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Ɗigo shi ne ɗan tabon da bakin fensir ke bari idan kin danna shi a takarda kin ɗaga. Danna yanzu. Ɗaga. Shi ke nan, kin yi ɗigo. A lissafin kuɗi shi ne katanga: abin da ke hagunsa sidi ne, abin da ke damansa pesuwa ne. Pesuwa 100 ne sidi ɗaya.

Sidi goma sha biyu da pesuwa hamsin ana rubuta shi haka: 12.50. Ɗaya, biyu, ɗigo, biyar, sifili. Ki faɗa da baki yayin da kike rubutawa. Idan kin manta ɗigon kin rubuta 1250, to kin rubuta sidi dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, kuɗin da ya ninka na farko sau ɗari. Idan babu pesuwa ko ɗaya, duk da haka ki sa ɗigon da sifili biyu: sidi biyar 5.00 ne. Bayan ɗigo lamba biyu ce kullum, ba ɗaya ba, ba uku ba.

Yanzu ga abin da ke ƙara rikita mu. A watan Yuli na 2007 aka canza kuɗin Gana, aka cire sifili huɗu, tsohon dubu goma ya koma sidi ɗaya. Takarda ta canza amma bakin iyayenmu bai canza ba. Har gobe za ki ji Mma a kasuwa tana cewa miliyan ɗaya, alhali sidi ɗari take nufi. To a baki ki faɗi yadda kika ga dama, ba ruwana. A littafi kuwa sabon kuɗi kaɗai ake rubutawa. Idan an ce dubu hamsin na da, rubuta 5.00. Idan an ce miliyan ɗaya, rubuta 100.00. Idan an ce miliyan goma, rubuta 1000.00. Dubu biyar na da kuwa pesuwa hamsin ne, sai ki sa sifili a hagu don ɗigon ya sami abin jingina: 0.50.

Bari in ba ku labarin wata ɗalibata, ba zan faɗi sunanta ba. Ta yi wata da watanni tana tara kuɗin shiga ɗinki a cikin MoMo ɗinta, wato asusun kuɗi na waya. Rannan ta sayi zare da allura na sidi goma sha biyu, ta ce za ta tura kuɗin da kanta, don ta nuna ta iya. Ta danna *170#, ta bi komai daidai, da ta zo wurin kuɗi sai ta danna ɗaya, biyu, sifili, sifili. Ta tuna sifili biyun da na koya mata, ta manta katangar. Wayar ta nuna mata adadin kafin ta sa lambar sirri, ba ta tsaya ta duba ba, saboda yaron da ke bayanta yana ta tsala kuka. Sidi 1200 suka tafi. Allah ya sa mai zaren mai tsoron Allah ce, amma sai da aka yi kwana biyu ana sintiri tsakanin Aboabo da kasuwa kafin kuɗin ya dawo, ita kuwa ko barci ba ta yi ba. A waya idan sidi goma sha biyu ne cif, danna 12 kawai ya isa. Kuma kafin lambar sirri, ki karanta adadin da baki.

Mu gwada. Rubuta sidi bakwai da pesuwa ashirin. Ɗora yatsa a kan ɗigon. Yana nan? Madalla, 7.20. Rubuta sidi arba'in. Ɗora yatsa. 40.00. Rubuta miliyan biyu na bakin Mma. Tsaya, kada ki fara jera sifili shida. 200.00. Ɗora yatsa a kan ɗigon.

Kuma ɗigo ya zauna ƙarƙashin ɗigo. Na ranar Litinin a sama, na Talata daidai ƙarƙashinsa, kamar maɓallan riga. Idan sun karkace, haɗawar ƙarshen wata za ta ba ki ƙarya.

Na san wasu na cewa a ransu, Malama, mun ji. Ba ku ji ba. Makon jiya na duba littafi goma sha ɗaya, huɗu ne kawai ke da ɗigo a kowane layi, ɗaya ma an sa shi a can sama kamar ɗigon wasali. Mace ta iya ƙirga canjin mutum biyar a ka tana zuba koko, amma a ce ta danna fensir sau ɗaya ya gagara? Haba. Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, gaggawa ce. A koma a sake layukan nan uku sau biyar-biyar kafin a juya shafi.

Darasi na uku: wa zai riƙe yaro

Koyon ɗinki a wurin madam yakan ɗauki kamar shekara uku, kuma mai koyo ba ta da albashi. Budurwa tana iya jurewa don a gidan ubanta take ci. Ke kuwa akwai bakunan da ke jiranki. Saboda haka shawarata ita ce kada ki kashe wutar koko gaba ɗaya. Ki sayar daga asuba zuwa hantsi, ki roƙi madam tun ranar farko ta yarda ki riƙa zuwa bayan nan, ko da za ta ƙara miki watanni.

A sabon shafi rubuta ASUBA, HANTSI, AZAHAR, LA'ASAR, MAGARIBA, kowanne a layinsa. A gaban kowanne rubuta sunan wanda yaro zai kasance a hannunsa. Sannan ki ƙara suna na biyu, don ranar da ta farkon ta tafi suna ko jana'iza. Kada ki rubuta sunan kakarsu sai kin je kin durƙusa kin tambaye ta ta amsa da bakinta. Wanda ya kai shekara huɗu a kai shi ajin KG, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, na makarantar gwamnati. Katin asibiti na NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnati, na kowane yaro ya zama da rai, ana sabunta shi a waya da *929#, don zazzaɓi ɗaya yana iya cinye kuɗin keken ɗinki.

Ki nuna wa maigida shafin nan da na lissafi kafin kowa. Maza, ku ma ku nuna wa uwargida, ita ce za ta san yadda tukunya za ta yi a watannin da babu kuɗin dako.

Darasi na huɗu: ranar zuwa wurin madam

Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da babba a gidanku. Ki tambayi kuɗin shiga, da kayan da za ki kawo, ko keke da almakashi da kujera suna ciki, da abin da ake biya ranar yaye. Duk abin da ta faɗa a rubuta. Idan ta ce miliyan takwas, me za ki rubuta? 800.00. Nuna mata, ta gani, ta yarda. Ɗora yatsa a kan ɗigon.

Ki tambaye ta kuma ko tana kai ɗalibanta jarrabawar sana'a ta gwamnati. Sunan da za ki ba da a kowace takarda shi ne na jikin Ghana Card ɗinki, wato katin shaidar ɗan ƙasa, harafi da harafi, ba sunan da ake kiranki a gida ba. Ki ajiye katin a gefe ki kwafa.

Darasi na biyar: ajiya

Mai karɓar susu, wato mai zagayawa yana karɓar kuɗin ajiya, yana zuwa kullum, a ƙarshen wata ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa. Adashi kuwa kun fi ni saninsa. Ko wanne kika zaɓa, ki rubuta zubin a gidan FITA, kuma ki duba abin da ya rubuta a katinki kafin ya tafi.

Darasi na shida: buɗe shago

Wannan sai an yaye ku. Ana karɓar izini a ofishin asambili, wato ƙaramar hukuma, mu nan namu na Asokore Mampong ne. In lokacin ya yi ku je ku tambaya.

Aikin gida: layi bakwai na SHIGA da FITA. A kawo littattafan ranar Asabar bayan la'asar. Wanda babu ɗigo a nasa zai koma darasi na biyu.